Masu Murya da Masu Hannu

Litinin, 3 ga wata, da hantsi

Namiji ne. Auta ta sauka lafiya, ita da shi duka ƙalau. Na zama kaka. Bari in sake rubutawa in ga yadda yake a takarda: kaka. Malaminmu na makarantar yamma ya ce duk abin da ya cika maka ciki, daɗi ko ɓacin rai, ka zuba shi a littafi, hannu ya saba. Na haura arba'in kafin in fara riƙe biro.

An miƙo mini shi cikin farin tawul. Makirufo ma ya fi shi nauyi. Uwar yara ta ce in matsa, angonta ya iso, ni na tsufa in nemi hanya. Na ce ango ba haƙori, ba aikin yi, mu zuba mu gani. Ma'aikaciyar jinya har da riƙe ciki.

Ƙararrawa ya iso bayana yana haki. Ɗansa ne mijin Auta, don haka jikan namu ne mu biyu. Shi ke karanta labaran rana a gidan rediyonmu, ni ina bayan gilashi a ɗakin na'ura, ina buɗe masa murya ina rufewa. Tun ina masinja muke tare. Yau ga mu tsaye a kan gado ɗaya muna gardamar hancin wa yaron ya ɗauko. Ya ce in dai ya ɗauko muryarsa, ni in riƙe hancin.

Gobe za a koma teburin tattaunawa a kan sabuwar yarjejeniyar aiki. Hankalina kwance yake. Yana cikin wakilanmu.

Laraba, 5 ga wata, bayan tashi daga aiki

Ɗakin cin abinci na ma'aikata ya cika har bakin ƙofa. Sakatariyar ƙungiya, wadda ita ce ke shirya labaran rana, ta hau benci ta karanta mana abin da Manaja ya kawo. A taƙaice, a raba gida biyu. Masu murya, wato masu karanta labarai da masu gabatar da shirye-shirye, su ci gaba a ma'aikatan dindindin da fanshonsu. Masu hannu, wato mu na ɗakin na'ura da direbobi da masu gyara da masu gadi, a miƙa mu ga ɗan kwangila, kowace shekara a sabunta mutum in an ga dama. Lauyan gidan ya sa wa abin suna gyaran tsari. Dogo direba ya ce shi ma haka ya gaya wa tsohuwar tayarsa ranar da ya jefar da ita.

Ƙararrawa ya miƙe ya hau bencin. In ya buɗe baki, ko mai tari sai ya haɗiye. Ya ce murya ba ta fita daga gidan nan sai wani hannu ya buɗe mata hanya, saboda haka ko duka ko ba kowa. Aka ce a ɗaga hannu. Na ɗaga biyu.

Na biya wajen Sabon Maigida, jikan nawa. Barci yake, ya dunƙule hannu kamar ɗan ƙungiya.

Juma'a, 7 ga wata, da rana

Dogo ya ce jiya ya ga motar Ƙararrawa a ƙofar gidan Manaja. Na ce masa ya riƙa kallon titi, shi ne aikinsa.

Litinin, 10 ga wata, da safe

Ƙararrawa ya sa hannu.

Litinin, da yamma

Shi da kusan duk masu murya, a wata yarjejeniya tasu daban. Sakatariya ta ce a kan teburin ta sani, lokacin da Lauya ya turo mata takardar yana murmushi. Ta ce ta kalli Ƙararrawa, shi kuma ya kama goge tabarau, ya goge, ya goge, har aka tashi.

Da rana ni ne a bayan gilashi. Na yi masa abin da na saba yi masa. Ban san dalili ba. Hannu ne, ya saba.

Bari in rubuta shi a nan, tun da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kunnensa ya daɗe yana tafiya. In an saka rahoton wakili a tsakiyar labarai, mai karatu yana saurare ta abin kunne, in rahoton ya ƙare in ce masa shiga, ya ci gaba. Shi rahoton ma da ƙyar yake jin gunjinsa, balle shiga tawa. Jar fitila kuma tana bayansa, a saman ƙofa. Shi ya sa nake ɗaga masa yatsu ta gilashi, ina ninke su ɗaya bayan ɗaya, in na sauke hannu ya shiga. Bai taɓa roƙona ba, ban taɓa yi masa maganar ba. Wata rana ce kawai na ga idonsa yana nemana, na ɗaga, shi ke nan. Masu saurare suna cewa Ƙararrawa bai taɓa yin latti ko gaggawa ba. Gaskiyarsu, ban taɓa yi ba.

Talata, 11 ga wata, bayan cin abincin yamma

Uwar yara ta ce in bar wa Allah, surukai ne mu, akwai yara a tsakani. Na ce da ya tuna da yaran lokacin da ya ɗauki biro. Ta ce wataƙila yana da dalili. Na ce ɗan kwangila ma yana da dalili.

Saura kaɗan in yi ritaya. In aka miƙa ni yanzu, fanshon da na yi ta lissafi da shi ya zama labari. To ni ma da sauƙi. Dogo fa, da ƙanana a gabansa?

Ƙararrawa ne ya ɗauke ni a bayan babur ɗinsa ya kai ni makarantar yamma, yana cewa kai mai kyau bai kamata ya ƙare a kai saƙo ba. Shi ya riƙa duba mini aikin gida a ɗakin labarai, yana yi mini dariya in na juya harafi ya kalli baya. To ga harufan nan, duk sun kalli gaba: sai na rama.

Alhamis, 13 ga wata, da hantsi

Na je ganin Sabon Maigida, na tarar da takalman Ƙararrawa a bakin ƙofa. Baƙaƙen nan masu ƙyalli. Na koma kan kwana na zauna wajen mai gyaran keke har na ga ya fito ya ja motarsa. Jikana ne, amma sai na bi layi.

Da na shiga, yaron ƙamshin turaren mutumin yake. Na ce wa Auta ta sake masa riga, zafi ake. Ta kalle ni, ta sake. Ya kama mini ɗan yatsa ya ƙi saki. Ƙarfi gare shi. Irin namu ne.

Asabar, 15 ga wata, da la'asar

Taro. Da yawa yajin aiki suke so, Dogo a gaba. Sakatariya ta ce in muka fita ba tare da masu murya ba, kafin mu kai bakin titi ɗan kwangila ya cika kujerunmu, rediyo kuma ta ci gaba da magana kamar ba mu taɓa zama a gidan ba. Ta ce a yi aiki bisa ƙa'ida. Kowa ya zo a kan lokaci, ya tashi a kan lokaci, ya yi abin da aka rubuta aikinsa ne, kada ya ƙara ko tsinke. Su gani da idonsu yawan abin da muke yi musu kyauta.

Na ɗauko littafin ƙa'idojin situdiyo na zo da shi gida. Na karanta shi da yatsa a kan layi, yadda aka koya mana. Abin kunne yana ciki. Shiga tana ciki. Buɗe makirufo da zarar rahoto ya ƙare yana ciki. Yatsu ba sa ciki.

Litinin, 17 ga wata, da yamma

Gida ya rikice, abin gwanin daɗi. Dogo ya kai masu ɗaukar shiri filin wasa, ya ce sauke kaya ba aikin direba ba ne, ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula. Mai gyara ya ƙi taɓa fankar ofishin Manaja sai an rubuto masa a takarda, ta bi ta hannun shugabansa. Manaja ya wuni yana fifita da fayil.

Wannan makon ina aikin safe. Ba ni a labaran rana sai Alhamis, ranar da mai yi yake hutu. Shi ba ya yi wa Ƙararrawa yatsu, amma Sakatariya tana tsayawa a jikin gilashi tana gyaɗa kai in rahoto ya kusa ƙarewa, halinta ne, da shi yake lallaɓawa. Ranar Alhamis kuwa tana teburin tattaunawa.

Talata, 18 ga wata, da safe

Alhamis.

Laraba, 19 ga wata, da rana

Mun yi kiciɓis da Ƙararrawa a baranda, ba wurin kaucewa. Ya ce, "Suruki, yaron nan fa ya fara gane mutane."

Na ce, "Ya fi ni sa'a. Ni sai da na tsufa na fara gane su."

Ko bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Da shi yanzu ba ka iya bambancewa.

Alhamis, 20 ga wata, bayan labaran rana

Na yi aikina bisa ƙa'ida.

Alhamis, da yamma

Ban ci abinci ba. Zafi ne. Ya kamata a yanke wa Sabon Maigida farce, ya yagi kumatunsa. Zan gaya wa Auta. Ko kuma uwar yara ta gaya mata.

Juma'a, 21 ga wata, bayan tashi daga aiki

A cikin motar haya, wani yana faɗa da matarsa a waya, da ya kashe sai na kusa da shi ya ce, "Aboki, ya ƙare ne?" Mota ta kwashe da dariya. A shagon unguwa ma haka. Gari ya sami abin wasa.

Uwar yara ta ce tana wanki ta ji. Rahoto ya ƙare, sai shiru. Shirun ya yi tsawo har ta girgiza rediyon, ta zaci batir ne. Sai ta ji numfashi, sai takarda ta motsa, sai muryarsa, ba ta labarai ba, wata ƙarama da ba ta taɓa ji ba, tana cewa Aboki, ya ƙare ne. Ta ce ta san wanda yake kira Aboki. Ta tambaye ni ina nake. Na ce a kujerata. Ta ce hannuwan fa. Na ce a kan gwiwoyina. Na ce mata na faɗi shiga a cikin abin kunne, na sake faɗi, makirufo a buɗe yadda aka rubuta. Ta tattara wankin ta shige ɗaki.

Yana kallona ta gilashi, ina kallonsa. Na bar shi sai da ya tambaya. Sannan na gyaɗa kai. Ya ƙarasa labaran.

Daɗi na ji. Na rubuta don kada in musa daga baya.

Asabar, 22 ga wata, da hantsi

An dakatar da shi. Kwamitin ladabtarwa zai zauna Alhamis mai zuwa, an ce ni ma za a kira ni. Masinja ya ce ya ji Manaja yana cewa muryoyi ba su ƙare a duniya ba, kuma dama tsoho ya isa hutu.

Masu murya sun yi tsuru-tsuru. Mai shirin wasanni, wanda tun da suka sa hannu bai gaishe ni ba, yau har da tambayar jika. Sun ga yadda ake yi da wanda ya fi su duka. Dogo ya shiga ɗakin cin abinci yana tambayar kowa ya ƙare ne, ya ƙare ne, har mai dafa abinci ta kore shi da ludayi. Na yi dariya. Na yi sosai.

Lahadi, 23 ga wata, da la'asar

Ba takalma a bakin ƙofa. Auta ta ce tun Alhamis bai zo ba, ko waya ba ya ɗauka, mijinta kuma ya daina cin abinci a gida. Ina riƙe da yaron, ya buɗe ido yana bin fuskata, na fara yi masa waƙar da nake yi wa uwarsa.

Sai ta ce, "Baba, kai ne a bayan gilashi ranar nan?"

Na ce ni ne.

Ta miƙo hannu ta ce yunwa yake ji. Ba ya kuka, ba ya neman komai. Ta karɓe shi ta shiga ciki, ta ja labule. Na zauna ina kallon agogon bango, na ga ba mai fitowa, na sa takalmana.

Wannan ma yana cikin abin da ya jawo mini.

Litinin, 24 ga wata, bayan taro

Sakatariya ta ce ƙungiya za ta tsaya wa Ƙararrawa a gaban kwamiti. Ɗaki ya kama da wuta. Dogo ya ce mutumin da ya sayar da mu ranar Litinin, shi za mu saya ranar Alhamis? Ta ce har yanzu ɗan ƙungiya ne, ba a kore shi ba. Ta ce in muka bari aka jefar da shi don shiru ɗaya, mun yarda ke nan kowa abin jefarwa ne, kuma ita hujjar Manaja ke nan tun farko. Ta ce masu murya suna kallonmu, in muka riƙe nasu za su dawo, in muka tafa za su manne wa Manaja har abada. An yi ta hayaniya. Ba a ɗaga hannu ba, aka watse.

Ta tare ni a wajen ajiye babura.

Ta ce, "Baba, ranar Alhamis me za ka ce musu?"

Na ce gaskiya.

"Wacce daga ciki?"

Na ce ban gane ba.

"Shekara nawa ina zaune a gefenka? Kana tsammanin ban iya ƙirga yatsu ba? Gyaɗa kan da nake yi a jikin gilashi, ka zaci ciwon wuya ne?"

Na ce ni ƙa'ida na bi, ita ta ce a bi.

Ta ce, "Na ce a matsa wa Manaja, ban ce a yanka tsoho a gaban jama'a ba. In ka ce kunne ne, ya tafi. In ya tafi, mun tafi. Ka kwana da wannan."

Yarinyar da aka haifa ina masinja, ita ke gaya mini in kwana da abu.

Talata, 25 ga wata, da yamma

Ya zo. Ba mota, a ƙafa, ba ƙyallin takalmi. Uwar yara ta shimfiɗa mana tabarma a zaure ta kawo ruwa, ta harare ni, ta koma. Na riƙa yin magana ƙasa-ƙasa da gangan, sai ya miƙo wuya ya karkato kai kamar mai leƙen rijiya. Na bar shi yana miƙowa.

Ya ce Manaja ya daɗe da zargi. Ranar da Dogo ya ga motarsa, kiransa aka yi aka ce sabuwar yarjejeniya za ta zo da gwajin lafiya ga duk mai shiga situdiyo, ido da kunne, wanda ya faɗi ya tafi. Amma in masu murya suka sa hannu a tasu daban, tsofaffin ma'aikata ba gwaji. Ya ce ya yi kwana da kwanaki yana juyi. Ya ce in ba ya karanta labarai bai san ko shi wane ne ba.

Na ce, wato don ka ɓoye kunne ka sayar da hannun da ke ɓoye maka shi.

Wannan ya ji. Ban rage murya ba.

Ya ce, "Aboki, kunya ce ta hana ni zuwa wurinka."

Na ce, "Ba ta hana ka zuwa gidan Manaja ba."

Sannan ya tambaye ni abin da zan ce ranar Alhamis. Na ce ya danganta da abin da zai ce ranar Laraba. Na ce ya hau bencin da ya tsaya ya ce ko duka ko ba kowa, ya ce ya janye sa hannunsa, ya kira sauran masu murya su janye. Da bakinsa, a gaban Dogo, a gaban masu gadi. Ya ce in bar shi ya rubuto. Na ce ai shi mai murya ne.

Da zai tafi ya tambaya ko yaron ya ƙara nauyi. Na ce ya je ya ɗauka ya ji.

Laraba, 26 ga wata, da la'asar

Ya hau bencin. Sai da Mai gyara ya kama masa hannu. Ba wanda ya yi masa shiru kamar da, ana ta gunaguni, wani a baya ya ce ya ƙare ne, aka yi dariya. Ya jira. Ya ce ya yi abin kunya, ya janye, wanda ya bi shi wancan karon ya bi shi wannan ma. Bai yi maganar kunne ba. Mai shirin wasanni ya fara miƙewa, sai mai shirin mata, sai saura, wasu da sauri wasu suna duba agogo. Dogo bai tafa ba, amma ya matsa musu a benci.

Na so a ce ya fi haka tsawo.

Kafin in tashi na shiga situdiyo ba kowa. Na kama wayar abin kunnensa daga gindi, na lanƙwasa, na miƙe, na lanƙwasa, har na ji ta saki daga ciki. Daga waje ba ka ganin komai. Abin kunne mai kyau ne, ni na zaɓo shi. Shi ma alhakinsa yana wuyan Ƙararrawa.

Alhamis, 27 ga wata, bayan kwamiti

Na ce waya ce take yankewa, in ta ga dama ta kawo in ta ga dama ta ɗauke. Babban injiniya ya aika aka kawo, ya sa a kunnensa, ya motsa wayar, ya yamutsa fuska. Manaja ya kalle ni ya daɗe. Bai yarda ba, na san bai yarda ba. Amma baranda cike take, masu murya da masu hannu zaune a ƙasa kafaɗa da kafaɗa tun daga ƙofarsa har matakala, ba mai magana. Duk wanda zai shiga ofis sai ya tsallake ƙafafu.

An janye dakatarwar. Ni kuma an ba ni takardar gargaɗi don ban kai rahoton lalacewar waya ba. Ita ce ta farko tun da na shigo gidan nan. Na karanta ta da kaina, ba wanda ya karanta mini. Akwai kuskuren rubutu a layi na biyu.

Ƙararrawa ya so ya yi mini magana a matakala. Na wuce. Yanzu aikinsa a hannuna yake, ya sani, na sani. Kullum da rana sai ya ɗago ya nemi yatsuna, ni kuma in na ga dama in ɗan jinkirta. Ba da yawa ba. Daidai yadda zai tuna.

Lahadi, 30 ga wata, da hantsi

Auta ta miƙo mini shi tun kafin in zauna. Ya yi murmushi. Uwar yara ta ce iska ce a cikinsa. Murmushi ne, ni aka yi wa.

Laraba, 2 ga sabon wata, da yamma

An sa hannu. Yarjejeniya ɗaya. Ɗakin na'ura, direbobi, masu gyara, duk muna ciki da fanshonmu. Masu gadi ba sa ciki. Sakatariya ta ce ta ja har inda igiya ta kai, a nan Manaja ya kafe, wakilai suka ga kada a rasa duka. Ta faɗa tana kallon ƙasa. Da na fito, tsohon mai gadi ya buɗe mini ƙofa ya ce Allah ya sanya alheri. Da ya zage ni ya fi. Da ba a ɓata mana makonni a raba kai ba, da sun shiga. Na san wanda ya ɓata.

Gwajin lafiya ya zauna, amma an juya shi. Ba a korar kowa a kansa, kuma gidan ne zai biya magani da duk abin da likita ya rubuta. Sakatariya ce ta nace a kan wannan. Ban tambaye ta don wa ba.

Ƙararrawa ya ɗauki hutu. Litinin ta sama zai dawo, kuma ni ne a labaran rana.

Lahadi, 13 ga wata, da la'asar

Gobe.

Litinin, 14 ga wata, bayan labaran rana

Ya shigo da takardunsa, ya gaishe ni ta gilashi da kai, ya zauna. Da ya juya zai ɗauki abin kunne sai na ga wani ɗan abu a bayan kunnensa, launin fata, bai kai wake girma ba, irin na'urar nan mai ƙara ji. Sakatariya ta ce mini a hankali shi ne na farko da ya je gwajin, da ƙafarsa, tun washegarin sa hannu.

Rahoton farko ya kusa ƙarewa. Na ɗaga yatsu yadda na saba, na fara ninkewa. Na shirya inda zan tsaya, a na ƙarshe, in riƙe shi a sama ya ɗan sha iska. Bai ɗago ba. Idonsa a kan takarda, ɗan yatsansa a kan layi. Wakili ya faɗi kalmarsa ta ƙarshe, bakina ya ce shiga, ya shiga. Daidai. Muryar nan ta da, har gilashi yana amsawa.

Rahoto na biyu ma haka. Na uku ma haka.

Sakatariya ta ce, "Baba, sauke hannun, ya gaji."

Da aka gama ya tattara takardunsa ya fita ta ƙofar baya. Bai biyo ta ɗakin na'ura ba.

Gobe ma zan ɗaga. In ya ga dama ya kalla.